Rodi da farin marmara ba sa shiri

Kai yaro, hoton nan da ka turo min na wurin ibadar 'yan Jain, mabiya wani addini na Indiya, a Antwerp, ƙasar Beljiyam, kana tambaya wai ya akai duwatsun suka kama juna ba a ganin siminti. Da ka riƙa ajiye wayar nan kana kallon hannuna da ba ka yi wannan tambayar ba.

A Indiya ake sassaƙa marmaran, kowane yanki a sa masa lamba, a ɗauko a jirgin ruwa, nan sai harhaɗawa kawai, an kammala na Antwerp ɗin a 2010. Dutse ake fafewa ya shige cikin ɗan'uwansa, nauyi ne ke riƙe shi. A al'adarsu ba sa son ƙarfe a ginin ibada, je ka duba wurin ibadarsu na Ranakpur a Indiya, tun ƙarni na 15, ginshiƙi 1444, har yau yana tsaye. Addininsu daban namu daban, amma hannu kam suna da shi. Gumakan malamansu 24 kusan kama ɗaya, a zaune an tanƙwashe ƙafa ko a tsaye, sai alamar da ke ƙasa ke bambanta su, zaki na Mahavira, maciji na Parshvanath.

Maganar ƙarfen nan ita ta sa na amsa maka. Wani ɗan kwangila ya ba ni aikin matakala da bangon baranda na farin marmara, na ce masa maƙalan sai na tagulla ko silba mara tsatsa, ya karɓi kuɗin wajen mai gida cif, ranar da na je jana'iza ya sa yaransa suka yanka rodi suka cusa a bayan marmaran suka liƙe. Damina ɗaya tsatsa ta ɓullo, jaja-jaja kamar an tofa goro, kuma daga ciki take fitowa, duk gugar da za ka yi a banza. Mutumin nan ya tsaya gaban Alhaji mai gidan ya rantse da Allah wai ni na yi ha'inci. Aka riƙe cikon kuɗina, sai da na sayar da injin yankana na sallami leburori. Har yau in na bi ta layin sai raina ya ɓaci, shi kuwa yana nan yana ta karɓar aiki.

Kwaɓin farin siminti da awo ba sai na faɗa maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma ɗaukar bulo. Ku yaran yanzu wata uku kuna son a kira ku oga. Gobe ka zo da wuri, akwai yanka.