Ruwa na tsattsafowa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Ɗan'uwa, ka ce duk watan Agusta ruwa na tsattsafowa ta gindin bangon ɗakinka na ƙarƙashin ƙasa, kana tambaya ko sabon fenti zai tsayar da shi. Ba zai tsayar ba. Ni ma na yi wannan asarar, kafin damina ta fita fentin ya kumbura ya ɓare.

Ruwan daga waje yake turowa, can za ka tare shi. Fara duba indararo: in a gindin bango yake zuba, sa bututu ya kai ruwan nesa da gini, ka cike ƙasar ta gangara waje. In bai daina ba, sai haƙa. A tone gefen bangon har tushe, a liƙe tsagogi da siminti, a shafe da kwalta, a shimfiɗa bututu mai huji-huji cikin tsakuwa ya gangara zuwa kwata. Kada a tone duka lokaci guda, sashe-sashe ake yi, kuma da rani.

In ta daɓe yake ɓullowa, a yi ƙaramin rami a kusurwa mafi gangare, a sa injin jan ruwa. Yanzu dai kashe wutar ɗakin kafin ka taka ruwan.