Yadda za ki fahimtar da ƙaramin yaro abin da ke sa abubuwa faɗowa ƙasa

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara biyar ya addabe ki da tambayar abin da ya sa duk abin da ya saki yake faɗowa, kuma kina neman bayanin da ba zai rikita shi ba. Na daɗe ina koyar da yara sa'anninsa, kuma a iya lurata ba sa riƙe bayani sai sun ji abin a jikinsu, saboda haka kada ki fara da ma'anar da ke cikin littafi.

Ki sa shi ya yi tsalle iya ƙarfinsa, sannan ki tambaye shi wa ya dawo da shi alhali babu wanda ya taɓa shi. Idan ya yi shiru, ki gaya masa duniya ce take jan sa, kuma tana jan kowa da komai zuwa tsakiyarta dare da rana. Ki tabbata kin ambaci tsakiyar, domin ranar da ya gane duniya a mulmule take, zai tambaye ki abin da ya hana mutanen Ostareliya zubowa, amsar kuwa ita ce su ma ƙafafunsu tsakiyar suke fuskanta.

Mutane da yawa sukan ce wa yaro duniya kamar maganaɗisu take, ni kuwa ba na so, domin yaro mai wayo zai kanga maganaɗisu a jikin katako ya ga bai kama ba, alhali katakon ma yana faɗuwa.

Inda ya fi dacewa ki daɗe shi ne batun nauyi, don kusan kowane yaro ya yi imani abu mai nauyi ne ke riga isa ƙasa. Ki ɗauki babban dutse da ƙaramin tsakuwa, ki bar shi ya faɗi wanda zai yi nasara, sannan ki sake su tare daga tsayi ɗaya. Yaran da na koyar sukan kwanta rubda-ciki suna kasa kunne, idan suka ji ƙara ɗaya maimakon biyu sai su ce an yi musu wayo, a sake. Zai kawo miki takarda ya ce ga wadda take jinkiri. Ki ɗora ta a kan littafin da ya fi ta faɗi ki sake su, zai ga sun sauka tare, domin littafin ya kare ta daga iskar da ke tare ta. A shekarar 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka dira lokaci guda. Bidiyon yana intanet, kuma ya cancanci ku kalla tare. Za ki iya ƙara masa da cewa jan wata kusan kashi ɗaya cikin shida ne na jan duniya, shi ya sa tafiyar 'yan sama jannati a kan wata take kama da tsalle-tsalle.

Ba makawa zai tambayi abin da ya hana wata faɗowa. Ki ɗaure ƙwallo da igiya ki yi ta juya shi: igiyar ce jan duniya, gudun ƙwallon kuma shi ne ke hana shi isowa hannunki. Masanin kimiyyar Ingila Isaac Newton ne ya nuna a 1687 cewa ƙarfin da ke sauko da dutse shi ne yake riƙe da wata. Sai dai kada ki ce masa babu wannan ƙarfin a sararin samaniya. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ke kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, jan yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Mutanen cikinta suna shawagi ne saboda su da tashar suna faɗuwa tare, suna kewaya duniya duk bayan kimanin minti 90.

Idan ya ce me ya sa duniya take jan abu, ki gaya masa kowane abu yana jan ɗan'uwansa, kuma wanda ya fi tarin jiki shi ya fi ƙarfin ja. Shi kansa yana jan kujerar da ke kusa da shi, sai dai jan ya yi ƙanƙantar da ba zai iya motsa ta ba.