Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koya wa 'yan firamare adalci tsakanin maza da mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji uku na firamare. An ce in shirya darasi kan daidaito tsakanin maza da mata da matan da suka yi fice, kafin Ranar Mata ta Duniya, 8 ga Maris. Tsorona kada iyaye su ce ina ɓata tarbiyyar 'ya'yansu. Ta ina zan fara? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da jadawalin shara. In 'yan mata ne kullum da tsintsiya da ɗebo ruwa, monita kuma kullum namiji, to yaran sun riga sun ɗauki darasi tun kafin ki buɗe baki. Raba ayyukan bi da bi, kowane mako a sauya, a naɗa monitoci biyu, mace da namiji. Sannan kwana uku ki riƙa ɗiga alama a takarda, gefen maza ko na mata, duk lokacin da kika kira yaro ya amsa tambaya. Sau da yawa mai saurin ɗaga hannu ke kwashe rabon, mai kunya ta zauna shiru a baya. Maganinsa, bayan kin yi tambaya ki ƙirga biyar a zuci kafin ki zaɓa.

Ranar darasin, minti 35 sun isa. A minti 10 na farko ki ce su zana mai tuƙa jirgin sama, mai duba marasa lafiya, da mai dafa abinci. Ki lura da bakinki: "mai" ba ta nuna jinsi, amma da kin ce "ya" ko "ta" kin ba su amsa. Ku ƙirga zanen tare a allo, maza nawa mata nawa aka zana a kowane aiki, ki tambaye su dalili, kada ki yi wa kowa dariya.

Sai labari, kuma mace ɗaya ko biyu sun wadatar. Sunaye goma ba sa zama a kan ɗan shekara takwas. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ce amsarki ga iyaye. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa jajoji, wato malamai mata, da malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙe. Ba wanda zai ce wannan daga Turai aka kawo. Ki zo kuma da takardar naira 20: a bayanta Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane. Bari takardar ta zaga hannu-hannu, yaro ba ya manta abin da ya taɓa. Malaman Nijar suna da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899.

Inda darasin ke lalacewa shi ne a mai da shi gasa, wa ya fi wa. Nan take mazan za su ji ana tuhumarsu, su tafi gida da ƙorafi. Shi ya sa muka fi son ki riƙa cewa "adalci", kalmar da iyaye suka sani a gida da masallaci.

Aikin gida: kowa ya tambayi kakarsa ko gwaggonsa sana'ar da ta yi ta ciyar da gida, ƙuli-ƙuli ne, saƙa ko unguwarzomanci, ya kawo jimla uku ranar Litinin a karanta a gaban aji.