Shin Sabuwar Masana'anta Tana Samar da Yawan Ayyukan da Ake Faɗa?

Tambaya: Edita, a kullum aka ce za a buɗe masana'antar ƙera sassan firji ko injin wanki, sai mu ji an ambaci ɗaruruwan guraben aiki. Shin waɗannan alƙaluma gaskiya ne, ko kuwa romon baka ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, galibi akwai gaskiya a cikinsu, amma alkawari ne da ake cikawa cikin shekaru. A shekarar 2017 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya sanar da cewa zai zuba dala miliyan 380 domin kafa masana'antar injin wanki a garin Newberry da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, ya kuma ce ma'aikata za su kai 954, sai dai wa'adin da ya ɗiba shi ne shekarar 2020, ko da yake an fara aiki tun watan Janairun 2018.

Wasu ayyukan kuma suna wurin masu ƙera sassa, domin injin wanki guda yana buƙatar gangar ƙarfe, wayoyi, famfo da sassan roba iri-iri, kuma ƙananan masana'antun da ke yin su kan matso kusa da babbar don rage kuɗin dako. Can ake neman masu walda, masu sarrafa injin narka roba da masu gyaran lantarki, wanda kuwa ba shi da horo, ƙaramin albashi ne rabonsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya biya kuɗin samar da irin waɗannan ayyuka. A 2018 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari a kan injinan wankin da ake shigowa da su, kuma binciken wasu masana tattalin arziki ya nuna cewa farashi ya tashi da kusan kashi 12, aka samu ayyuka kimanin 1,800, wato masu saye sun biya fiye da dala 800,000 a kan kowane gurbi. A ganinmu wannan tsada ta yi yawa.

Idan aka zo da irin wannan albishir a Sharada ko Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, ka fara tambayar inda wutar lantarki za ta fito, tun da rashinta na cikin abubuwan da suka durƙusar da masana'antu da dama a can.