Ahmed Musa a benci: cin mutunci ne ko gaskiyar kwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da kanina har yau muna gardama a gidan kallo kan gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa farkon 2024. Shi yace an ci mutuncin Ahmed Musa tunda an tafi dashi a matsayin kyaftin din Najeriya amma ko minti daya ba'a saka shi ba, ni kuma nace sunansa ne ma ya kai shi can ba kafarsa ba. Don Allah wa ke da gaskiya? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Na fi karkata wajenka, amma ka bi kaninka a hankali domin abinda yake karewa ba karya bane. Ahmed Musa bai tsinci sunansa a titi ba. Shine ya ci kwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 yana yaro, yana cikin wadanda suka dauko kofin Afirka a 2013, ya zurawa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, ya kara biyu a ragar Iceland a na 2018, kuma wallahi duk wanda ya kalli ta biyun nan da ya kwashe mai tsaron gida ya ajiye gefe bazai manta ihun da aka yi a unguwarsu ba. Ga wasa sama da 100 da ya bugawa Najeriya.

Sai dai shi koci ba tarihi yake sakawa a fili ba. Jarin Musa gudu ne, gudu kuma shi yake fara tafiya idan shekaru suka ja, lokacin gasar ya haura 30 kuma ba ya samun wasa sosai a Sivasspor ta Turkiyya, alhali ga Lookman yana cikin ganiyarsa har ya ci Kamaru biyu ya ci Angola daya, ga Moses Simon a daya gefen, to ka tambayi kanin naka wa kocin Najeriya na lokacin, Peseiro, zai cire a cikinsu? Da wannan zubin aka je har wasan karshe kafin masu masaukin baki su doke mu 2-1.

Ba kansa aka fara ba ma. Ronaldo da kansa an ajiye shi a benci a kofin duniya na Katar 2022 ranar wasan Siwizalan, yaron da ya maye gurbinsa Goncalo Ramos ya ci uku.

Abinda ke damuna shine mu 'yan kallo ne muke hura wutar, muna son mutum saboda kyautarsa da taimakon da yake yiwa talakawa da kuma cewa namu ne dan arewa, sai mu dauka duk wannan dole ya zama rigar farawa. Alherinsa Allah ya saka masa, amma alheri ba ya tsere da dan baya mai shekara 22.

Inda ban yarda da kai ba shine cewa tafiya dashi banza ce. A sansanin da za'a kwashe wata guda ana bukatar babba da yara ke jin nauyinsa, wanda zai tsawatar kuma ya shiga tsakani idan rigimar alawus ta taso. Ka gaishe min da kanin naka, kace masa ya sake kallon wasan Kamaru ya kirga sau nawa Lookman ya dawo baya ya taya tsaro.