Tambaya da amsa: Ina zan samo kayan haɗa fedar jita da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kano, ina kaɗa jita mai aiki da lantarki, kuma na ɗan taɓa gyaran rediyo a shagon yayana. Fedojin nan da ake takawa da ƙafa su sauya muryar jita sun fi ƙarfin aljihuna, amma na ga mutane suna haɗa nasu a gida. Ina zan samo kayan? In yi odar kit, wato ƙunshin da aka zuba komai a ciki, ko in riƙa tsinto su ɗaya bayan ɗaya a kasuwa? Burina in fara da Fuzz Face mai taransistar jamaniyam.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda hannunka ya saba da dalma, rabin aikin ya riga ya ƙare. Shawarata ita ce ka zaɓi fedar da za ka haɗa bisa kayan da ke kusa da kai, kada ka zaɓi feda sannan ka shiga faɗi-tashin neman kayanta a duniya. Yawancin abin da ke kan allon feda yana nan a teburin masu gyaran rediyo da amfilifaya na Sabon Gari. Abin da ke wahalar samu a nan shi ne na waje: makunnin ƙafa, akwatin ƙarfe, da boliyum masu irin lambar da ake buƙata.

Bari mu duba Fuzz Face ɗin da kake so, wato fedar fuz mai sa muryar jita ta yi kaushi. Kamfanin Arbiter na Landan ne ya fitar da ita a 1966, kuma cikinta bai taka kara ya karya ba: taransista biyu, rezista huɗu, kafasita uku, boliyum biyu. Rezistocin su ne 33k da 8.2k da 100k, sai 470 ko 330 gwargwadon zanen da ka bi. Boliyum ɗin ɗaya 1k ne ɗaya 500k. Duk wanda ke sayar da kayan gyara yana da waɗannan rezistoci da kafasitoci a cikin 'yan robobinsa, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na makunni guda ba.

Matsalar tana wurin jamaniyam, kuma a nan zan roƙe ka ka dakata. Taransistar jamaniyam tana yoyon wuta ko da ba a ba ta sigina ba, kuma yoyon yana kusan ninkawa duk sanda zafi ya ƙaru da digiri 10. Fedar da aka saita ta a ɗaki mai sanyi a Ingila, in ta shigo Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai muryarta ta shaƙe, ta riƙa yankewa kafin tsirkiya ta gama kaɗawa. Ka saita ta da safe ta yi daɗi, da azahar ta zama wata aba daban. Ga shi kuma irin NKT275 da aka sa a na farko an daɗe da daina ƙera su, waɗanda suka rage tsada gare su, kuma a cikin tsofaffin jamaniyam ba kowace ce ke da amfani ba, sai an auna da yawa kafin a tsinci biyun da suka dace da juna. Akwai ƙari: galibinsu irin taransistar da ake kira PNP ne, don haka fozitif ake haɗawa da jikin akwati, ba za ka iya raba adafta ɗaya tsakaninta da sauran fedoji kai tsaye ba. Kamfanin da ke ƙera Fuzz Face da kansa ya koma taransistar silikon bayan 'yan shekaru, yana sa irin su BC108. Ita kuwa BC548 ita ce BC108 a cikin rigar roba, kuma BC547 da BC549 'yan gida ɗaya ne da ita. Waɗannan ana samun su ko'ina, zafi ba ya razana su, kuma in ɗaya ta ƙone ba za ka yi baƙin ciki ba. Haɗa ta silikon tukuna. In kunnenka ya gane abin da yake nema, sai ka koma kan jamaniyam da saninka.

Da ma zan fi so ka fara da abin da ya fi wannan sauƙi, wato LPB-1 ta kamfanin Electro-Harmonix, wadda ta fito a 1968. Taransista ɗaya ce kawai da ke ƙara wa jita ƙarfi. A yini ɗaya za ka gama ta, kuma a kanta za ka koyi haɗa wayoyin makunni da jak, inda masu farawa suka fi rikicewa.

Yanzu ga abin da za ka kula da shi a kasuwa. Tafi da mitarka a aljihu, ko da ƙaramar nan ce DT830, domin tana da ramukan auna ƙarfin taransista. Kada ka dogara da kalar jikin rezista kaɗai, musamman masu shuɗin jiki da layi biyar, inda ja da ruwan ƙasa ke kama da juna a inuwar rumfa; ɗora mita ka gani. Kafasita kuwa ka koyi karanta lambarta: 103 shi ne 10nF, 473 shi ne 47nF, 104 shi ne 100nF. A hanyar da sauti ke bi, nemi koraye ko masu siffar ɗan akwati, ka bar masu kama da ƙwayar magani sai inda zane ya nemi ƙananan lambobi na pF. Masu siffar gwangwani ka sayi sababbi, masu ɗaukar 25V ko sama, domin tsofaffi bushewa suke yi a zafi irin namu. Sai kuma ƙafafun taransista. In mai shago ya ce ba shi da BC548 ya miƙo maka C945 ko C1815, za su iya aiki, amma jerin ƙafafunsu daban ne: su kolekta ce a tsakiya, ita kuwa BC548 bes ce a tsakiya. 2N3904 ma bes ɗinta a tsakiya take, sai dai sauran ƙafafun biyu a juye suke idan ka kwatanta da BC548. Fedoji da yawa da aka yanke wa hukuncin sun mutu, ƙafa ce kawai aka juya.

Kada ka raina kwandon kayan da suka lalace a shagon yayanka. Aisi (IC) mai lamba 4558 da sunan fedar Tube Screamer ta kamfanin Ibanez ya ɗaukaka, shi ne dai wanda ke cike a tsofaffin amfilifaya da rediyon kaset. PT2399, wanda ake haɗa fedar amsa-kuwwa da shi, shi ne ke ba da eko a yawancin ƙananan amfilifayar da ake ɗora wa makirufo a wurin biki da wa'azi. Dayod 1N4148 da aisin TL072 ma ba baƙi ba ne a wurin masu gyara. Abin da bai samu a Kano ba, 'yan kasuwar da ke sarin kaya daga Alaba a Legas sukan iya kawo maka in ka rubuta musu lambar daidai. Sayi soket mai yawan ƙafafu daidai da na aisin ka dasa shi a kai, kada ka liƙa shi kai tsaye.

Kayan da za ka yi oda daga waje ba su da yawa. Na farko makunnin ƙafa mai ƙafa tara, 3PDT, wanda ke barin sautin jita ya wuce ba tare da ya ratsa allo ba idan an kashe feda, ya kuma kunna 'yar fitila. Na biyu boliyum. A kasuwa za ka fi cin karo da 50k da 100k, amma 1k da 500k sai an dace. Harafin da ke gaban lambar ma yana da aiki: A na ƙarar sauti ne, B yana tafiya daidai daga farko zuwa ƙarshe, C kishiyar A ce. In ka sa B inda ake son A, duk ƙarar za ta taru a farkon murɗawa. Na uku jak mai 6.35mm mai kyau. Araha ba ta ado a nan, domin jak mai laushin ƙarfe yakan saki bayan 'yan watanni ya riƙa ƙara a tsakiyar wasa. Tayda Electronics da ke Tailan ta shahara wurin masu wannan sana'a saboda tana sayar da kaya ɗai-ɗai da sauƙin kuɗi, har da akwatunan da aka riga aka huda aka yi wa fenti. Mouser da Digi-Key na Amurka da LCSC ta Caina manyan dillalai ne da ke karɓar kaya daga hannun masu ƙerawa, sai dai kuɗin aiko ƙaramin kaya yakan fi kuɗin kayan. Kafin ka cika kwando a kowane shafi, fara duba ko suna aikowa Najeriya, nawa ne dako, kuma ko katinka na banki zai biya. In kuna da abokai biyu ko uku masu wannan sha'awa, ku haɗa oda ɗaya, kowa ya ƙara makunni da jak na ajiya.

Akwati kuwa, ma'aunin da aka saba shi ne 1590B na Hammond da kuma 125B wanda ya ɗan fi shi girma, dukansu na alminiyam. Nauyinsu ne ke ɗaga kuɗin dako. In ya yi maka tsada, akwatin ƙarfen nan da masu wayarin ke binnewa a bango don soket zai wadatar, a sa masa murfin ƙarfe mai kauri da zai jure taku. Abin da ba na so shi ne roba ko katako tsura, domin fedar fuz tana ninka sigina sosai, in babu ƙarfe kewaye da ita za ta jawo gurnanin wutar gida da na janareta, wani lokaci har da tashar rediyo. Ramin makunni 12mm ne, na boliyum 7mm, na jak kusan 10mm.

To kit fa? Musikding ta Jamus da Fuzz Dog ta Ingila da Aion FX ta Amurka duk suna sayar da kit, PedalPCB kuma ta fi ƙarfi a allunan da aka riga aka zana. Ga wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kit alheri ne, domin ya huta da kuskuren saye. Kai kuwa za ka biya dala ne a kan rezistar da ke bayan gidanku. Allon bero (veroboard) mai layukan tagulla ya ishe ka Fuzz Face da LPB-1. Ranar da ka kai ga feda mai kaya hamsin ko sittin, irin ta amsa-kuwwa, sai ka yi odar allon kaɗai, ka cika shi da kayan gida.

Akwai kayan da nake so ka guje wa a manyan kasuwannin intanet inda kowa ke baje kolinsa. J201 mai dogayen ƙafafu, da LM308 na fedar RAT, da MN3007 na Panasonic, masu ƙera su na asali sun daina, amma za ka ga ana tallan su goma-goma da kuɗi kaɗan. Da yawa wani abu ne aka goge aka buga wa sabuwar lamba. J201 har yanzu ana yin ta a ƙaramar siffa da sunan MMBFJ201, ana ɗora ta a kan ɗan allo mai ƙafafu. A gurbin LM308 kuma OP07 na aiki, shi ne ma masu RAT suka koma sawa.

Saura wuta. Yawancin fedoji na cin 9V, kuma a al'adar da kamfanin Boss ya kafa, tsakiyar filogin negatif ne. Adaftar dikoda ko ta na'urar intanet yawanci 12V ce kuma tsakiyarta fozitif, in ka soka ta za ta iya ƙona aisi ko ta fasa kafasita nan take. Sa dayod 1N5817 a jere da layin fozitif, don ya tare wutar da ta shigo a juye. Fuzz Face da LPB-1 wuta kaɗan suke ci, batir 9V irin na mita zai daɗe a cikinsu, kuma babu adaftar da ta kai shi shiru. Da batir za ka yi gwajin farko, allo yana waje a kan tebur, kafin ka huda akwati ko rami ɗaya.