Mma ta ce ɗakin mutuwa zan shiga

Anti, assalamu alaikum.

Ni likita ce, 'yar Aboabo a nan Kumasi, shekarata 27. Na gama karatun likita na shekara shida, saura wata huɗu in kammala hausmanship, wato horon aiki na sabbin likitoci. Tun da na zaga ɓangaren yara zuciyata ta zauna a kan abu guda: in ƙware a cututtukan jini, kansa da garkuwar jiki na yara. Da na faɗa a gida, Mma ta ce ɗakin mutuwa zan shiga da ƙafata, wai yaron da kansa ta kama sai dai a jira ranarsa. Ta kuma ji an ce magungunan kansa suna hana mai taɓa su haihuwa, ga shi an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Baba bai hana ba, amma ya fi son in bi ɓangaren mata da haihuwa, ko in nemi hanyar Ingila kamar abokan karatuna. Shekara nawa ne a gabana? Aikin zai bar ni in riƙe gida? Kuma me zan ce wa Mma ba tare da na saɓa mata ba?

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a karatu da auren.

Kada ki yi gardama da Mma a kan abin da idonta ya gani. Yaran unguwa da ta ji an ce suna da kansa, yawancinsu sai da ciki ya kumbura ko ido ya fito waje aka kai su Gee, wato asibitin Komfo Anokye, bayan watanni ana yawon neman magani. Amma cutar ba hukuncin kisa ba ce. A ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe da dama irin namu ba a kai 30 ba. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kai wa 60 cikin 100 kafin 2030, kuma Ghana na cikin ƙasashen da aka fara da su. Abin da ke tsakanin 30 da 80 kuwa abu uku ne: zuwa a makare, yanke magani a tsakiya, da zazzaɓin da ba a tare shi da wuri ba. Duk ukun likita mai jin Hausa tana da abin da za ta iya yi a kansu.

Ɗauki kansar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki, mai alaƙa da maleriya da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Takan ninka girmanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma tana cikin masu saurin jin magani. Yaron da haƙoransa suka yi girgiɗi, baki ba ya rufuwa, cikin 'yan kwanaki da fara magani sai a ga kumburin ya saɓe. Hatsarin yana cikin wannan saɓewar. Ƙwayoyin kansa da suka mutu suna zubar da potasiyam, fosfet da yurik asid cikin jini, ƙoda ta toshe, zuciya ta rikice. Don haka tun kafin digon farko na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ake ɗaura ruwa, kusan lita 3 a rana ga kowace murabba'in mita ta faɗin jikin yaron, a ba shi allopurinol mai rage yurik asid, a riƙa auna fitsarinsa ana rubutawa. Aikin lissafi ne da sa ido. Vincristine, ɗaya daga magungunan kemo, ta jijiya kaɗai ake ba da ita; idan aka yi kuskure ta shiga ruwan laka, mutuwa ce, shi ya sa ake raba lokacinta da wurinta da na methotrexate, maganin kemo da ake yi a gadon baya cikin ruwan laka. Idan kin san ba kya jure wa duba abu sau biyu da ƙarfe ukun dare, ki sake tunani tun yanzu.

Zazzaɓi kuma, yaron da ke kan kemo in zafin jikinsa ya kai 38 alhali fararen ƙwayoyin jininsa masu yaƙi sun faɗi ƙasa da 500, ana so allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiyarsa cikin awa guda. Uwa ta ba shi farasitamol ta ce bari gari ya waye, da asuba an makara. Babu mai gyara wannan sai wadda ta zauna da uwar tun ranar sallama ta koya mata karanta ma'aunin zafi da harshen da take ji.

Inda za ki fi shan wuya shi ne kansar jini. Maganinta ya haura shekara biyu. Bayan wata na farko yaro ya murmure, yana cin tuwo yana wasa, sai dangi su ce ai ya warke, ga kuɗin mota daga Bawku ko Wa, ga gona, ga sauran yara. A daina zuwa, cutar ta dawo ta fi ta da taurin kai. Tun 2021 aka sanar da shigar da kansar yara huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa: kansar jini ta ALL, Burkitt, kansar ƙoda ta Wilms da kansar ido ta retinoblastoma. Amma kati ba ya biyan mota, ba ya kuma shawo kan kaka. Ke ce za ki ce wa kakar a ci gaba da addu'a da sadaka, a dai bar jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, don hanta da ƙodar yaron suna ɗauke da kaya.

Kada kuma ki ɗauka kansa ce duk aikin. Mafi yawan waɗanda za ki gani 'yan sikila ne, don kusan jarirai 2 cikin 100 a Ghana da ita ake haifarsu. A nan Kumasi marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995. Fenisilin kullum har shekara biyar, maganin sikila na hydroxyurea gwargwadon nauyin yaro tare da gwajin jini a kai a kai, hoton jijiyoyin kai daga shekara 2 zuwa 16 don tare shanyewar ɓarin jiki: waɗannan yaran za ki riƙe su har su gama sakandare. (Ke da angon, ina fata kun yi gwajin AS da AC.) Akwai jaririn da wanzami ya yi wa kaciya jini ya ƙi tsayawa, sai an tambayi tarihin kawunnansa a gane himofiliya ce, ciwon gado na rashin daskarewar jini. Masu raunin garkuwa tun haihuwa ba su da yawa, amma jaririn da ke ta ciwon huhu da farin baki, ba ya ƙiba, gwajin HIV ya fito babu, kuma yayyensa sun rasu suna jarirai, yana buƙatar wadda za ta tsaya ta yi tambaya.

Hanyar: bayan hausmanship da cikakkiyar rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori, ki yi aiki a asibitin gunduma, ki ci jarrabawar farko ta Kwalejin Likitoci da Masu Tiyata ta Ghana ko ta Afirka ta Yamma. Sai shekara uku na ƙwarewa a lafiyar yara, sannan shekara biyu ko fiye a kan jini da kansa. Manyan cibiyoyin su ne Korle Bu a Accra, inda Farfesa Lorna Renner ta daɗe tana wannan aiki, da Komfo Anokye da ke kusa da ke. Ki lissafa shekara shida zuwa bakwai. Ki gaya wa Baba gaskiya: kuɗin asibitin kuɗi ya fi yawa a ɓangaren haihuwa. Ki gaya wa angon ma tun kafin a ɗaura cewa shekaru ukun farko akwai kwanan asibiti, ku tsara wanda zai riƙe yaro a daren aiki.

Maganar haihuwa, tsoron Mma yana da tushe. Hatsarin na ga mai taɓa maganin da hannu tsirara shekara da shekaru. Ƙa'ida ita ce a haɗa shi cikin akwatin kariya, da safar hannu biyu da riga ta musamman, a kuma kula da fitsarin majinyaci na kwana biyu bayan kemo. Da zarar kin samu ciki ko kina shayarwa, ki sanar da shugaban sashe a janye ki daga taɓa shi.

Kafin watanni huɗun nan su ƙare, ki nemi izinin zama a sashen kansar yara na 'yan makonni, har da ranar da za a gaya wa iyaye cewa magani ya ƙi. Ki lura da barcinki da sallarki a wannan makon. Idan kin ga za ki iya, ki bar yi wa Mma bayani da alƙaluma. Ranar 15 ga Fabrairu ake bikin ranar kansar yara ta duniya, inda waɗanda suka warke kan fito da iyayensu. Ki roƙe ta ta raka ki, ki zaunar da ita kusa da wata uwa, ki ba su wuri su yi hira.